Koren Fitila a Ɗakin Baba Jatau

Kaura Namoda,
13 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga taubashina Muhtari, bawan gidanmu da ya tsere Fatakwal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mariya da yara, da fatan kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Baba jiki da sauƙi. Ɓarin dama dai har yau bai motsi, baki ma bai buɗe ba, amma yana shan kunu sosai, kuma Malam Magaji, abokin aikinsa na reluwe, bai fasa zuwa safe da marece yana yi mashi wanka ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. An kashe layukan waya a jihar nan kaf saboda ɓarayin daji, yau kwana goma ke nan. Alamin direba ya ce in rubuta, in ya fita inda ake samun sabis ya ɗauki hoto ya turo maka, amsarka kuma ya buga ta a shago ya kawo mini. Gida ya cika maƙil. Gwaggo Kulu ta taso daga Zurmi, ita da mata huɗu 'yan Dauran, sun ce zama a can ya gagara.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Abin nan da ka haɗa mana da babbar salla ya fara iskanci. Ka tuna ka sa madanni mai 'yar waya har hannu a soket ɗin gefen gadon Baba, ka sa ƙararrawa a rumfar da nake suyar ƙuli-ƙuli can ƙarshen gida, ka ce ba ruwansu da sabis, ta cikin wayar wutar bango suke aika wa juna saƙo. Ka yi ta cika baki har Gwaggo ta ji labari a Zurmi. Gaskiya kuma kusan wata biyu ba ta saɓa ba: ya danna, ta buga, in ruga.

Shekaranjiya da hantsi ina tsaka da matsar mai, sai Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke Kulsumu, kurma kika koma? Yayana na can yana danne-danne tun ɗazu." Wallahi ban ji ko ƙyas ba. Na tarar da shi ƙishirwa ta dame shi, yatsa bisa madanni, 'yar koren fitilar nan tana ta ƙyaftawa. Da marece na gwada da hannuna, ta buga har awaki suka zabura. Jiya ma haka aka yi, da rana shiru, bayan magariba ta buga lafiya lau.

Ka san yadda muke da Baba. Ni ce ɗiyar fari, tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa aike na kai tsaye ba, sai dai ya ce wa marigayiya Inna, "A ce wa waccan ta kawo ruwa." Shekara arba'in da huɗu muna haka. Ranar da ƙararrawar nan ta fara bugawa, tsaye na yi riƙe da matsami, na ce yau Baba ya kira ni da kansa. Saboda haka kada ka ɗauki maganar nan wasa. Ka rubuto maza, ka faɗa mini inda zan taɓa.

Uwar ɗakinka,
Kulsumu Jatau.

Af, na manta da labari mai daɗi. An gyara tiransifomar unguwarmu da ta ƙone tun bara, wutar nepa ta dawo, ana kawo ta da rana jefi-jefi. Ka ga mun fara zama birni.


Fatakwal,
19 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga kuyangata Kulsumu, sarauniyar ƙuli,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu saboda rubutunki sai mai haƙuri. Muna lafiya, Mariya ta yi ɗan zazzaɓi amma ta miƙe. Ki gaishe mini da Kawu, ki duƙa ki ce ɗansa na Fatakwal na yi mashi sannu. Ki gaida Inna Kulu da baƙinta, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Batun ƙararrawa ki kwantar da hankalinki, ƙaramin abu ne. Irin wannan na haɗa a gidajen manya ya fi hamsin. Saƙon da madanni ke turawa ta cikin waya siriri ne ƙwarai, abu kaɗan ke danne shi. Babban abokin gabarsa shi ne cajar waya 'yar araha da cajar tocila, suna cika layi da hayaniyar da kunne ba ya ji. Kin ce baƙi biyar sun sauka, to na san kowace soket a gidan nan yanzu tana ɗauke da caja. Ki cire su duka da rana, a riƙa caji a wuri ɗaya bayan la'asar.

Sannan ki juya bayan madannin da bayan ƙararrawar, za ki ga 'yar lamba. Dole su zama iri ɗaya, uku na sa su. Ki tabbatar ba a sa ko ɗaya a kan doguwar wayar ƙari ba, a bango kai tsaye suke so. Tunda gidan gaba ɗaya a kan sola yake, babu wani abu da ya rage bayan waɗannan.

Ki kuma bincika ko wani na zare ƙararrawar ya sa abinsa ya mayar. Ko dai ke ce ke cire ta ki yi cajin rediyonki, ki zo kina ɗora wa aikina laifi? Na san halinki tun muna yara.

Ubangidanki,
Muhtari.


Kaura Namoda,
30 ga Satumba, 2021.

Muhtari,

Salamu alaikum. Muna nan. Baba ba daɗi.

Ni ce ke cire ta? Ni? Na karanta layin nan ina tsaye bakin zaure, sai da na nemi wurin zama. Da a ce kai kaɗai ka faɗa, da na ce wasan taubasai ne. Amma maganar da Gwaggo ke yaɗawa ke nan a gidan nan, ta ce na gaji da jinya, ina zare abin in huta in na ji motsi in mayar. Alamin kuma da ya kawo takardar ita ya fara miƙa wa, ɗaya daga cikin 'yan Dauran ta karanta mata. Ta tafa hannu ta ce, "Awo! Ga shi ma mai abin ya gane." Ka ji abin da wasanka ya haifar.

Duk abin da ka ce na yi. Lamba uku ce gaba da baya. Na bi ɗaki-ɗaki na tattara caja tara na zuba a kwano na kife, har muka yi ka-ce-na-ce da matan nan, su da ba su da abin sauraro sai karatun da ke cikin wayoyinsu. Bayin Allah da suka baro gidajensu, na zo ina ƙwace masu caja. Kwana biyu ƙararrawa ta yi aiki, na ce an gama. Rana ta uku ta koma.

Ranar Talata kuma abin da nake tsoro ya auku. Wajen azahar Baba ya so kewayawa. Ya danna, ya danna, ban ji ba, Gwaggo ta fita gaisuwar rasuwa. Sai ya yi ƙoƙarin jan jiki ya sauka da kansa, ya faɗo daga gado. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya yi a ƙasa. Da na shigo da furarsa na tarar da shi kwance kan siminti, goshi ya kumbura, tufafi sun ɓaci, madanni a hannunsa na hagu bai saki ba. Mutumin da ko hularsa ban taɓa gani a karkace ba. Na ɗaga shi ina kuka, ina cewa, "Baba, wallahi ban ji ba." Bai dube ni ba. Koren fitilar ya duba, ya ɗago ta daidai fuskata, ya danna, ta ƙyafta, sannan ya zuba mini ido.

Ka san abin da yake nufi. Shekara talatin ya yi a tashar jirgin garin nan yana ba jirgi hannu. A wurinsa in fitila ta nuna kore, saƙo ya isa, magana ta ƙare. Mi zan ce mashi? Da marece na kawo Malam Magaji shaida, na danna, ta buga tangararan. Malam Magaji ya ce, "To ai ga ta tana yi, ɗiyata." Ka ga gwajin ma ni ya kayar.

In kana da wani ilimi bayan na caja, ka fito da shi. In babu, ka faɗa mini gaskiya.

Kulsumu.


Fatakwal,
8 ga Oktoba, 2021.

'Yar'uwata Kulsumu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Kawu? Ya kumburin? Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan da ba mai iya ba ki sai shi.

Ki yafe mini. Wallahi tsokana ce irin wadda muka saba, ban san wuta na zuba wa mai ba. Ki ce wa Inna Kulu ni na ce ta bar wannan magana, wanda ya san ki ba zai yarda da ita ba. Ke da kika rufe ɗakinki a Shinkafi kina gama takaba kika dawo kika zauna da shi.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta: ban sani ba. Na zana wayoyin gidan a takarda daga kaina, na nuna wa abokan aikina biyu, kowa ya ce tunda gida a kan sola yake kuma an cire caja, bai kamata ta ƙi ba. Na nemi hutu, ogan ya ce sai an miƙa ginin da muke yi, ƙarshen Nuwamba. Ko ya sake ni, Alamin ya ce hanyar sai an yi ayari ake bi. Ina zaune da kayan gwaji cike da jaka, ga gidan da ya raine ni can, ba ni da ikon taɓa waya ɗaya a cikinsa. Abinci ma ba ya shiga.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ki riƙa gwada ta sau biyar a yini, bayan kowace salla, ki rubuta ta buga ko ba ta buga ba, da duk abin da ke aiki a gidan ko a maƙwabta a lokacin. Ko abin da kika raina ki rubuta. Kafin nan ki ɗaura igiya daga gadonsa zuwa rumfarki, ki rataya gwangwanaye, ko ki dawo da suyarki kusa da ƙofarsa.

Naki,
Muhtari.


Kaura Namoda,
21 ga Oktoba, 2021.

Muhtari,

Wa alaikumus salam. Na yafe, ya wuce. Ina gaida Mariya. Kumburin Baba ya saɓe, amma cin abinci ya ragu, ya rame har zobensa na zamewa. Ka ga jinkiri, Alamin ne ya yi kwana takwas bai samu man da zai fita ba.

Igiya na ɗaura. Hannunsa na hagu ba shi da ƙarfin jan ta, tsakar gidan nan ka san tsawonsa. Na dawo da kaskon suya bakin ƙofarsa, hayaƙi ya sa shi tari har ya shiɗe, dole na mayar. Na bar suyar ma kwana uku na shimfiɗa tabarma a ɗakin na zauna. Ya juya fuska bango, ya riƙa kaɗa mini hannu in fita. Ka san ba zai iya jure ɗiyar fari ta zauna tana kallonsa a kwance ba, ko da lafiya-lafiya muke, balle yanzu. Gwaggo ce ke zama wurinsa in ta ga dama, tana ba shi labarin Zurmi, tana sako nawa a ciki.

Gwaji na yi kwana goma sha ɗaya, ɗaya daga cikin 'yan Dauran na tsaya mini a rumfa ina dannawa. Asuba ba ta taɓa ƙi ba. Magariba da lisha ma haka. Azahar ce da la'asar, sau bakwai ta ƙi a cikinsu, sauran ta buga. Na duba fanka, na duba famfon rijiya, na duba ko rana ce ke zafafa ta har na lulluɓe ta da tsumma mai ruwa. Ba ruwansu. Abu guda na lura da shi, ka yi dariya in ka so: duk lokacin da ta ƙi, injin niƙan Naja'atu na bayan katangarmu yana kuka. Ranar da injin bai tashi ba, ƙararrawa lafiya. Na je na same ta, ta ce ita mi ya haɗa ta da ƙararrawarmu, ita dai in an kawo nepa ta kunna, in an ɗauke ta kashe. Na juyo na dawo.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Baba ya rage dannawa. Da, a yini sai ya kira ni sau shida, sau bakwai, wani lokaci don in gyara mashi filo kawai. Jiya sau ɗaya. Yau har la'asar ban ji ba, na leƙa da kaina na tarar leɓɓansa sun bushe, ga madanni dab da yatsunsa, ga kofi can nesa. Ya gwammace ƙishirwa da ya kira a ƙi zuwa. Na ba shi ruwan ya sha idonsa a rufe.

Ina jin tsoro, Muhtari. Ba mutuwa nake tsoro ba, kowa zai je. Tsorona ya tafi yana ganin sau ɗaya a duniya ya kira ni, na ji na ƙi.

Kulsumu.


Fatakwal,
23 ga Oktoba, 2021.

Kulsumu,

Salamu alaikum, ki gaida kowa, ki karanta wannan a tsaye.

Nepa? Yaushe nepa ta dawo unguwarku? Da na ga kalmar nan na kira Alamin yana Gusau, na ce ya duba takardarki ta farko, tana nan cikin aljihun motarsa. Ya ce akwai layi uku a ƙasan sa hannunki. Hoton da ya turo mini a kan sunanki ya tsaya. Kwana arba'in ina neman amsar da kika rubuto mini tun ranar farko. Innalillahi.

Ga abin da ke faruwa. Tun muna yara Kawu ya sa aka jawo layi biyu daga turken wuta, ɗaya na zaure da ɗakinsa, ɗaya na cikin gida, wai in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Lokacin da na zo da salla babu nepa, gidan duka a kan sola yake, waya ɗaya ce ta haɗa ko'ina, shi ya sa saƙo ke wucewa. Ni kuma da iyayina na sa akwatin da ke juya gida kan nepa da kansa da zarar an kawo, ba ƙara, ba ƙyaftawar fitila. To yana juyawa gidan ke rabewa biyu, madanni a layi ɗaya, ƙararrawa a ɗaya, babu gada a tsakani. Injin Naja'atu ba shi da laifi, shi dai yana sanar da ke an kawo wuta ne. Na san da layi biyun nan sarai. Ban gwada da nepa ba saboda babu ita, kuma ban yi tunanin ranar da za ta dawo ba.

Ki je zaure, akwatin toka da ke bayan ƙofa. Ki buɗe, akwai makunni baƙi babba a hannun dama, na rubuta N a kansa da jan fenti. Ki sauke shi ƙasa, ki bar shi a haka. Shi ke nan. Gidan zai zauna kan sola har in zo in haɗa layukan.

Akwai kuma wani laifin nawa da ya fi wannan. Ranar da na miƙa wa Kawu madannin, na ce mashi, "Kawu, in ka ga kore, ta ji." Ba haka ba ne. Koren yana nuna saƙo ya fita ne kawai, bai san ko ya isa ba. Na faɗa ne don ya saki jiki da abin. Ki karanta mashi wannan da bakinki, a gaban Inna Kulu da Malam Magaji:

Kawu, ni ne Muhtari. Jirgi ya tashi daga tasharka, sigina ta ba shi kore, amma an juya dogo a hanya ba a sanar da kowa ba, bai taɓa isa tashar Kulsumu ba. Ni na juya dogon. Ba ta ji ba, Kawu, ko sau ɗaya ba ta ji ta ƙi ba. Ka yafe mini.

Na roƙi Alamin ya kawo wannan yau ko gobe, ko a kan mashin ne.

Muhtari.


Kaura Namoda,
7 ga Nuwamba, 2021.

Muhtari,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ku. Baba sai addu'a, yanzu kunu ma cokali uku ne.

Takardarka ta yi kwana goma sha biyu a hanya. An tare hanya, Alamin ya maƙale a Gusau, da ya taso kuma mota ta lalace mashi. Ba laifinsa ba ne, na ga yadda ya dawo.

Na je zaure na sauke makunnin. Da yatsa ɗaya, Muhtari. Ko bismillar da na fara ban ƙarasa ba an gama. Na tsaya ina kallon akwatin nan, na rasa dariya zan yi ko ihu. Injin Naja'atu na ta kuka a lokacin, na aika aka danna, ƙararrawa ta buga. Yau kwana uku, na gwada ya fi sau talatin, ba ta ƙi ba ko sau ɗaya.

Na tara su kamar yadda ka ce. Malam Magaji ya zauna bakin gado, Gwaggo a ƙofa. Na karanta. Da na kai wurin dogo Malam Magaji ya ce, "Allahu akbar! Jatau, ka ji? Irin ta shekarar da jirgin gyaɗa ya shige layin ajiya, ka tuna?" Har na nuna wa Baba a aikace, tunda nepa na nan: aka ɗaga makunni, na danna, kore ya kama, shiru. Aka sauke, na danna, ta buga, ana jiyo ta daga ɗakin. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki, daga baya ta same ni a rumfa ta ce, "Ɗiyata, bakina ya yi kaifi." Na ce ba komai.

Shi kuwa Baba idonsa na kan rufin ɗaki tun farko har ƙarshe. Ban sani ba ko ya gane, ko ya gane bai yarda ba, ko kuma ƙarfin yarda ne ya ƙare mashi. Na ɗora madannin a tafin hannunsa na naɗe yatsunsa a kai. Na ce, "Baba, ka gwada ni sau ɗaya." Ya bar shi ya zame kan bargo.

Na daina suya. Ina zaune a rumfa ƙarƙashin ƙararrawar, in na gaji in tashi in leƙa shi, in dawo. Ko rediyo ba na kunnawa kada ta buga ban ji ba. Abinka ya gyaru sarai, injiniya. Shi ne ya daina dannawa. Wannan kuma wane makunni ake saukewa?

Kulsumu.


Fatakwal,
12 ga Nuwamba, 2021.

Kulsumu,

Salamu alaikum. Ya mai jiki?

Na fara takardar nan sau huɗu ina yagewa. Ki ci gaba da sa mashi shi a hannu kullum, ko ya sake ki mayar. An ba ni ranar ashirin da bakwai, zan taho ko da ƙafa ne, in durƙusa in faɗa mashi da bakina. Ki ce ya jira ni.

Muhtari.


Kaura Namoda,
24 ga Nuwamba, 2021.

Ɗan'uwana Muhtari,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ka yi wa Mariya ta'aziyya, ita ma uba ta rasa. Na san Alamin ya kira ka tun ranar, ka san Baba ya cika Laraba da hantsi, an kai shi bayan azahar. Mutanen reluwe sun zo da yawa, tsofaffi duka, wasu da sanda. Yau aka yi addu'ar bakwai. Ana cewa an kusa maido da layukan waya, amma abin da zan faɗa maka ba zan iya da baki ba, gara takarda.

Bai danna ba. Na san shi za ka fara tambaya, to na hutar da kai. Kullum ina sa mashi a hannu kamar yadda ka ce, kullum ina tarar da shi kan bargo. Ranar da zai cika ina wurin, ni na ɗiga mashi ruwa, Malam Magaji na yi mashi kalmar shahada. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Gwaggo ta ce kallon yafiya ne. Wataƙila. Ni dai ban iya karanta idon Baba ba, ban saba ya dube ni ba.

Kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka. Kai ka yi don alheri, kuma wata biyun farko da ka ba ni, ba wanda ya taɓa ba ni irinsu.

Ɗazu bayan mutane sun watse na koma rumfa na ɗora sanwar baƙi. Gwaggo ta shiga ɗakinsa tana naɗe shimfiɗa, ashe madannin na cikin bargo, ta dafa shi da gwiwa. Ƙararrawa ta buga. Muhtari, ban san lokacin da na saki ludayi ba. Na ƙetare tsakar gidan nan ba takalmi, ina cewa, "Na'am, Baba, ga ni!" Sai da na ɗaga labule na ga gado ba katifa, Gwaggo tsaye riƙe da bargo, koren fitila na ƙyaftawa a ƙasa.

In ka taho ranar Asabar ka zo da abin kwance ƙararrawar nan. Na je in zare ta da kaina sau biyu, hannuna ya ƙi.

Taubashiyarka,
Kulsumu Jatau.